Murjanin da Ya Gagari Ciwo

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ba, kuma ba don abin da ya kamata uba ya riƙa tunawa ba. Wasu iyayen rago suke tunawa, da addu'ar liman, da yadda aka raɗa suna. Ni kuwa da an ambaci ranar sai in ga kaina tsaye a tsakiyar falo, ruwan gishiri yana ɗiga daga gwiwar hannuna, surukina yana kallona ta saman tabarau.

A Sabo aka haife ni, nan Ibadan, kuma sana'ata haɗa wa mutane sola. Ina da ɗan shago a Mokola. Wata rana aiki ya kai ni gidan wani likitan haƙori, Dakta Kunle, mutum mai sanyin magana. Ina shiga falonsa na ga wani ƙaton tankin gilashi yana haske shuɗi, cike da wasu abubuwa masu rassa, kore da ja da ruwan hoda, 'yan kifaye suna ratsawa ta tsakaninsu. Na tsaya da sukundireba a hannu har na manta abin da ya kawo ni. Dakta ya ce murjani ne, kuma mai rai. Ni murjanin da na sani shi ne wanda kakata take ɗaurawa a wuya ranar biki. Ya yi mini bayani cewa dabba ce, siririn nama shimfiɗe a kan ƙashi mai kama da dutse, a teku take zama, kuma ba ta son a canza mata komai. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi muhimmanci a duk maganarsa, shi ya sa shi kaɗai ne bai shiga kunnena ba.

Kafin in bar gidan ya sa ni a guruf ɗinsu na waya, inda masu wannan kiwo suke hira, yawancinsu 'yan Legas. Kafin wata ya zagayo na kafa nawa tankin a falonmu, a inda matata Bilkisu ta daɗe tana cewa za ta sa shokes, wato kabad ɗin gilashi na jera kwanuka.

Bilkisu malamar firamare ce, kuma lokacin tana da ƙaramin ciki. Ta zagaya tankin ta ce, "Yallabai, kifin da za a sa a ciki ana cin sa?"

Na ce ba a ci.

"Duwatsun fa, ana sayarwa?"

Na ce ba don wannan ake yi ba. Ta ce to Allah ya sa albarka, da irin muryar da take yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. (Ya kamata in faɗa cewa baturan da suka fi kyau a gidan tankin na ba. Idan hadari ya rufe rana, firij ake fara kashewa.)

Murjanin farko daga Legas na yi odarsa. Mai sayarwar ya ba wani direba a cikin kula, na je tashar Ojoo na karɓo, na rungumo shi a bayan okada kamar mai ɗauke da jariri. A waya mutumin ya ce mini ya sa mini jara, wato gyara. Da na buɗe kular na tarar kowane reshe yana cikin ledarsa ta ruwa, amma wata leda ta yoye, komai ya jiƙe. A gefe, naɗe cikin jiƙaƙƙen soso, ga wani reshe mai kyau da ya fi sauran girma, jikinsa shunayya, bakin rassansa kore shar. Na ɗauka ledarsa ce ta fashe, ya yi tafiyar nan duka ba ruwa. Na sa shi a roba, na riƙa ɗiga masa ruwan tankin a hankali yadda na gani a bidiyo, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sannan na cika gindinsa da gam na manna shi a kan dutsen da ya fi tsayi. Washegari na gan shi tsaye, launinsa bai ko dusashe ba. Na ce wannan jarumi ne, na sa masa suna Gagarau.

An yi 'yan watanni lafiya. Sai zafi ya shigo, irin wanda ake yi kafin ruwan farko, wanda ko fanka iskar ɗumi take hurawa. Wata safiya na lura da farin zobe a gindin wani koren reshe. Kafin la'asar farin ya hau sama. Naman yana saɓulewa yana yawo cikin ruwa, kamar fatar tumatirin da aka tsoma a tafasasshen ruwa, ya bar ƙashi fari tas. Bayan kwana kaɗan na kusa da shi ya kama.

Wanda bai taɓa kiwo ba zai yi dariya, amma ciwon gaske na ji. Abu ne mai rai da aka ɗebo daga inda Allah ya ajiye shi, aka kawo shi bene a Sabo saboda ni na ga yana da kyau, ga shi yana mutuwa a hannuna. Abin da hankali ya ce shi ne in kira Dakta Kunle in ce ya taimaka. Amma a guruf na riga na fara ba sababbin shiga shawara, da irin muryar wanda aka haifa a bakin teku. Yaya zan koma ɗan koyo?

Sai na shiga bincike ni kaɗai. Na ce zafi ne, na ɗaura fanka a saman tankin, ina jefa robar ƙanƙara in rana ta yi. Na ce haske ne, na rage. Washegari na karanta wani ya ce ƙarancin haske ne ke kawo haka, na ƙara. Na juya injin kaɗa ruwa hagu, na mai da shi dama. Na ciro marasa lafiyar na tsoma su a magani ina duba ƙwari da tocilan waya, ban ga ko ɗaya ba. Na ga ana maganar sinadarin da murjani ke gina ƙashi da shi, sai na shiga kicin na ɗebo sodar da Bilkisu ke yin kek, ina zubawa da cokalin shayi gwargwadon yadda zuciyata ta raya mini. Gishiri kaɗai ne ban zarga ba, don ina da wani ɗan ma'auni mai allura, kuma kullum na ɗiba allurar tana nuna daidai. Ban taɓa ganin ma'auni mai biyayya irinsa ba.

Da na rasa mai laifi a cikin ruwa, sai na fito waje nema. Na farko da na kama shi ne turaren wutar Bilkisu. Na ce hayaƙinsa yana sauka a kan ruwan. Daga nan na hana fesa maganin sauro, na hana bilicin manja, wato dafa shi har ya yi hayaƙi, na ce in za a soya kifi a rufe ƙofar kicin.

Ta ce, "Yallabai, ciki gare ni fa. Sauron Sabo ka san shi."

Na ce akwai gidan sauro. (Na faɗi wannan da bakina, ga mace mai ciki wata bakwai, kuma a lokacin ji nake ni ne ake zalunta.)

Ba ta yi faɗa ba, amma maganar ta kai gidansu. Wata ranar Juma'a mahaifinta ya biyo bayan masallaci. Baba Alhaji dillalin goro ne, tun yana saurayi ya zo Ibadan daga arewa, ba ya ɗaga murya kuma ba ya ɓata kalma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zauna ya daɗe yana kallon tankin.

"Su ne marasa lafiyar?"

Na ce, "Su ne, Baba."

"To, Allah ya ba su lafiya. Ita ma 'yar tawa Allah ya ba ta."

Ya tashi ya tafi. Mai hankali da ya gane. Ni abin da na ɗauka daga ziyarar shi ne dole in nuna wa dattijon nan cewa abin da nake yi ilimi ne.

Kuma ina da hujja, domin duk wannan annoba ba ta taɓa Gagarau ba. Na ƙara haske, yana nan. Na rage, yana nan. Na zuba soda, ko gezau. Na fara ba shi abinci na musamman da sirinji, ina fesa masa a hankali a bakin rassa. Sauran murjanai in aka ba su abinci sukan fito da 'yan ƙananan yatsu su kama. Shi bai taɓa fitowa da komai ba, sai na yanke cewa mai kunya ne, sai ba kowa yake ci. Na ma rantse ya ƙara tsawo. Na matso da marasa lafiyar kusa da shi ko za su sami wani abu daga jikinsa. Daga nan na rubuta dogon bayani a guruf cewa ina jin na dace da wani iri da ciwon saɓulewar nama ba ya kamawa, na haɗa da hoto. Hoton da aka ɗauka ƙarƙashin shuɗin haske, da waya irin tawa, ko akuya ka sa a ciki ba mai ganewa. Wani ya tambayi sunan irin, na ce ina kan bincike. Wani ya ce in matso da kyamara, na yi kamar ban gani ba.

Dakta Kunle ne ya kira ni da kansa. Ya ce shi ma ya taɓa asarar rassa masu yawa da wannan ciwo, in zan yanko masa ɗan reshe zai ji daɗi. Kaina ya yi girma har ya kusa hana ni shiga shago. A daidai kwanakin Bilkisu ta sauka lafiya, aka sami mace. Sai dabara ta zo mini: in gayyaci Dakta ranar suna, Baba Alhaji ya gani da idonsa likita guda ya tako har Sabo neman abu a wurina.

Ranar suna gida ya cika tun safe. Maƙwabtanmu Yarbawa suna shigowa suna cewa "e ku owo lomi", gaisuwar da suke yi wa masu jego, wato sannu da sa hannu a ruwa, saboda wankin kayan jariri. Ina amsawa da fara'a, alhali duk wanda ke gidan ya san wane ruwa hannuna yake shiga. Mata suna ɗaki wajen mai jego, maza muna falo, an ci tuwo an ci amala, an kawo naman suna. Bayan azahar Dakta ya iso da kyautar jaririya da 'yar kularsa a hannu. Ya rusuna ya gaishe da Baba Alhaji, na ba shi kujera kusa da shi.

Na tashi na tsaya gaban tankin kamar mai gabatar da lacca. Akwai abokan Baba Alhaji, akwai yayyen Bilkisu, akwai abokaina na Mokola. Na yi bayanin ciwon, na nuna fararen ƙasusuwa, na ambaci illar hayaƙi da ɗan ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki. Sannan na nuna Gagarau na ce, "Wannan kuwa, ko a Legas ba kowa ke da irinsa ba. Shi ya sa Dakta ya zo."

Dakta ya sunkuya yana kallo ta gilashi. Na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Ko za ka kashe shuɗin, ka kunna farin haske?"

Na ce Gagarau ba ya son farin haske. Na naɗe hannun sabuwar shaddata, na ɗauki filayar yankan murjani, na zura hannu har kafaɗa.

Murjanin gaske in ka danna masa filaya ƙas yake yi ya karye, kamar alli. Na kama reshe na danna. Reshen ya lanƙwashe. Na saki, ya miƙe ya koma yadda yake. Na yi 'yar dariya na ce wa jama'a, "Kun ga ƙarfinsa ko?" Na sake kamawa da hannu biyu, na murɗa. Gam ɗin ya saki, Gagarau ya taso gaba ɗayansa, ya kuɓuce mini, ya yi sama a hankali ya tsaya yana lilo a saman ruwa.

Ko ni na san dutse ba ya iyo.

Na cafko shi na fito da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Inda busasshen gam ya ɓanɓare, gindinsa sumul yake, da ɗan rami a tsakiya da siririn layi inda aka haɗa ɓari biyu. Ga kuma rubutu ƙanana da aka buga a jiki, sunan ƙasar da ake ƙera bokiti da kujerun biki.

Dakta mutumin kirki ne. Ya matso kusa da kunnena, ya sassauta murya, ya juya zuwa Yarbanci don ya rufa mini asiri a gaban dattawa. Ya ce, "Ike ni." Wato roba ce.

Abin da bai sani ba, Baba Alhaji ya fi shekaruna yana cinikin goro da Yarbawa. Ya gyara zama ya juya ga abokansa ya ce, cikin natsuwa, kamar mai fassara huɗuba, "Likita ya ce roba ce."

A falon ana jin ƙarar injin tanki da kukan jaririya daga ɗaki. Babban yayan Bilkisu ya sa haɓar rigarsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Wani abokina ya tashi ya fita baranda, daga can muka ji abin da ya fita yi. Ni ina tsaye, hannun shadda ya jiƙe sharkaf, ina riƙe da abin da na yi watanni ina ba abinci da sirinji.

Baba Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi da hannu biyu. Ya juya shi, ya lanƙwasa reshe ɗaya ya saki.

"Wannan ne wanda bai yi ciwo ba?"

"Shi ne, Baba."

"Ai kuwa ba zai yi ba," in ji shi. Sai a lokacin kowa ya sami izinin dariya.

Da ƙasa tana da ƙofa da na buɗe na shige. Dakta, don ya ba ni abin yi, ya ce bari ya duba ruwan tunda ya zo. Ya buɗe kularsa ya ɗauko wata 'yar na'ura, ya ɗiga ruwan tankin a kai, ya ɗaga ta wajen taga ya leƙa da ido ɗaya. Ya daɗe bai sauke ba. Ya tambaye ni in ruwa ya ragu saboda zafi, da me nake cikawa.

Na ce, "Da ruwan gishiri mana. Ai na teku ne."

Ya ce ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan ba ya zuwa ko'ina, kamar miyar da aka bari a wuta. Da ruwan daɗi tsabtatacce ake cikawa. Ni kuwa na ɗaura fanka tana ƙara busar da ruwan, kullum ina ƙara gishiri a kan gishiri. Na kawo ma'aunina don in kare kaina. Ya karɓa ya girgiza, allurar ba ta motsa ba. Gishiri ya bushe ya riƙe ta a wuri ɗaya, don ban taɓa ɗauraye shi ba. Ko kunun zaƙi na zuba masa daidai zai nuna. Da na ba shi labarin soda da cokalin shayi, sai kawai ya ɗaga kai ya dubi silin.

Babu wanda ya shiga ɗaki ya kai labari, amma kafin Dakta ya rufe kularsa na ji guɗa da shewa daga wajen mata. Can sai ga gwaggon Bilkisu ta fito da kaskon turaren wuta yana tuƙa hayaƙi, ta ratsa falon a hankali, ta tsaya dab da tankin tana gaisawa da kowa ɗaya bayan ɗaya har da tambayar mutanen gida.

Da baƙi suka ragu na shiga na zauna bakin gado na ba Bilkisu haƙuri. Tana shayarwa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na haƙura, Yallabai. Amma tun ranar da ka sa Gagarau a tanki na ce a raina ya yi kama da furannin teburin hedimasta."

Na ce me ya hana ta faɗa mini.

"Ka taɓa tambayata?"

Dakta ya bar mini umarni mai sauƙi. In riƙa rage gishirin kaɗan-kaɗan, ba a rana ɗaya ba. In yanke rassan da suka rage daga saman inda farin ya tsaya, in dasa su daban. Bayan haka in cire hannuna daga ruwan in bar bayin Allah su huta. Fiye da rabi sun riga sun tafi, amma wasu 'yan guntaye sun kama, har ɗaya ya fara shimfiɗa sabon nama a kan gam. Ranar da na ga haka na ɗauko jaririya na nuna mata, ta yi mini gyatsa a kafaɗa. Mai sayarwar da na kira ya ce ai kayan ado ne yake sa wa sababbin kwastomomi, bai taɓa zaton sai ya yi bayani ba. A guruf kuwa na rubuta gaskiya cikin layi biyu na kashe waya. Har yau in wani ya sa hoton murjani mai kyau sai an sami mai tambaya ko ya juya gindinsa.

Baba Alhaji bai dawo mini da Gagarau ba. Ya sa shi a aljihun babbar riga ya tafi da shi, yanzu yana kan teburinsa a rumfar goro. Duk baƙon da ya tambaya sai ya ce na surukinsa ne, injiniya, shi ya yi jinyarsa har ya warke. Ba ya ƙara komai a kai, kuma ba ya murmushi.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya lalace a gidana, yanzu da kaina nake fara bincike kafin in isa kan turaren kowa. In kuma na ga wani abu da duk wautar da na yi masa bai taɓa nuna ya ji ba, ba na saurin yi masa kirari. Ina fara dubawa ko yana da rai tukuna.